Jamusar Aro a Ƙofar Bakhita

Ya 'yan uwa, kun gani da idanunku, kuka kau da kai. Motocin ƙungiyoyin agaji suna shigowa ƙauyukanmu, a ɗauki hoto, a sha shayi, su tafi. Wa ya taɓa tambayar inda kayan suka shiga?

An yi wani mutum a wani ƙauye na kudancin Masar, ana kiransa Basha don girmamawa. Wakili ne na wata ƙungiya mai raba wa iyayen marayu jamusa, baƙar saniyar nan tamu mai son ruwa. Tsarin ba shi da laifi: a ba uwar marayu jamusa mai ciki, ta tatsa, ta sayar da mai da cuku, 'yar fari kuma ta miƙa wa maƙwabciya. Shi kuwa sai ya riƙa karkatar da dabbobin zuwa kasuwa. Ɗaya tak ya bari, a garken surukinsa. In baƙi za su zo daga Alƙahira, sai a jawo ta a ɗaure a ƙofar wadda aka zaɓa.

Liman ya sani. Mai gari ya sani. Kowa ya ja bakinsa.

Rannan abin ya faɗo kan Bakhita, wadda take wankau don ta ciyar da marayunta. Wakilin ya ce mata in an tambaya ta ce jamusar tata ce, in ta ƙi kuma ta cire rai da jamusa har abada.

"Basha, ƙarya fa, da furfurata?"

"Ke Uwar Rajab, murmushi kawai za ki yi. Ko shi ma sai an ba ki rancensa?"

Ta wuni tana duban 'ya'yanta, tana duban dabbar da ba tata ba. Ta faɗi gaskiya su rasa madara? Ta yi ƙarya ta haɗu da Ubangijinta?

Da hantsi aka sa ran baƙin. Amma wa yake fita gidan mai gari bai ci agwagwa ba, bai sha shayi ya ƙara ba? Sai la'asar sakaliya suka iso. Hantsar jamusa ta cika, maraƙinta na can yana kuka.

Shugabar baƙin ta tambayi Bakhita a hankali ko tata ce. Kafin ta amsa, mai hoto ya ce a kawo kasko ta tatsa su gani. Ko yaron ƙauye ya san jamusa ba ta sakar wa baƙon hannu nono. Bakhita ta durƙusa, ta kama tatsa. Ko ɗigo. Dabbar ta harbe kaskon, ta tumɓuke turke, ta kama hanya. Wakili ya bi ta da gogaggun takalmansa, santsi ya kwashe shi cikin magudanar ban ruwa.

Wani tsoho ya ce, "Ƙyale ta, Basha, ta fi ka sanin gida."

Baƙi suka bi ta har garken surukin, suka tarar tana lasar maraƙinta.

Bakhita ta zauna daɓas a ƙasa, ta yi ajiyar zuciya, hawaye na zuba. Allah ya cire mata ƙaryar tana kan harshenta. Da shugabar ta dawo, Bakhita ta ce mata, "Ba tawa ba ce, 'yata. Tawa ban taɓa ganinta ba." Daga nan sauran matan suka buɗe baki.

Aka kori wakilin, aka kai shi gaban alƙali. Motarsa ta tafi, gonar gadonsa ta tafi. Surukin ya rantse bai san komai ba, ya ɗauke 'yarsa. Yau in ya shiga gidan shayi ba mai matsa masa wuri.

Kafin sanyi ya wuce, jamusar Bakhita ta iso, kuma matan ƙauyen ne suka karɓi rabon da hannunsu. Alhamdulillahi, marayunta suna karyawa da madara.

Taimakon bai gaza ba, jama'a. Amana aka ci, shirunmu kuma ya yi wa ɓarawo gadi. Ba kunya ba ne a ce dabba ce ta ba da shaidar da muka ɓoye?

Allah ya kiyaye mu da cin haƙƙin maraya, da shiru a kansa. In motar nan ta sake tsayawa a unguwarku, kada ku jira dabba ta tsinke igiya. Ku tari baƙin, ku faɗa musu abin da kuka sani.