Buhun Odette da Ba a Kwancewa

Akwai wata dattijuwa a garin Charleroi mai suna Odette Lambot, wadda mijinta ya rasu. A safiya ɗaya ta rasa abin da ta fi taƙama da shi, wato a ɗora buhunta a sikeli ba tare da an kwance bakinsa ba. A wannan safiyar kuma ta san wanda ya daɗe yana rufa mata asiri.

Sana'arta ita da mijinta Fernand tsofaffin kwamfutoci ce. Suna farke su su ciro ƙarfen nan mai haƙora kamar mashaci, wanda ke zuƙe zafin inji. Jikinsa alminiyum ne, cibiyarsa jan ƙarfe. Sai an doke cibiyar da guduma ta fita, an cire fanka, an kwance duk wani ɗan noti, sannan kaya ya zama tsantsa. Noti ɗaya ya rage, to kaya ya zama gauraye, kuɗinsa ya faɗi warwas.

Fernand ke tantancewa da maganaɗisunsa, don noti kaɗai ke maƙale masa, ban da alminiyum da jan ƙarfe, ita kuma ke ciniki. Kuma ciniki na gaske, don ba a taɓa jin ta ce "na sallama" a tayin farko ba.

A filin gwangwan da ke bakin ruwa, kowa sai an zazzage buhunsa an bi shi da maganaɗisu. Na gidan Lambot kaɗai ake ɗorawa a ɗaure. Tun zamanin tsoho Albert mai filin haka ake yi, ɗansa Thierry ya gaji filin ya gaji al'adar.

Da Fernand ya rasu, Odette ta saka masa maganaɗisunsa a aljihun kwat aka binne shi da shi, ta kuma ƙi sayen wani. Idonta ya fara gaza ganin abu na kusa, amma duk wanda ya ce ta nemi tabarau sai ta harare shi.

"Tabarau na masu karatu ne. Ni me zan karanta? Hannuna ya san kaya."

Wata Asabar ana yayyafi, layi ya yi tsawo a gaban sikeli. A gabanta akwai Rocco, dattijon da aka sallama daga masana'antar narka ƙarfe, sabon shiga a harkar. Thierry ya zazzage buhunsa, ya bi da maganaɗisu, guda uku suka maƙale.

"Gauraye ne, Rocco. Santi tamanin kilo, ko yuro ɗaya bai kai ba."

Odette ta kece da dariya.

"Kai Rocco, wannan kaya ne ko sharar ɗaki? Rabin rayuwarka a gidan ƙarfe, amma noti ya gagare ka gani?"

"A yi min uzuri, Madam. Koyo nake."

"To tsaya ka koya kyauta. Yaro, kwance nawa ya ga yadda tsantsa yake."

Thierry ya sunkuyar da kai yana gyara igiyar sikeli.

"Bar shi, Madam Odette. Mutane na jiƙewa."

"Su jiƙe, ba gishiri ba ne. Kwance na ce."

"Naki ba a kwancewa. Zo ki sha kofi a ofis, akwai ɗumi."

"Kofinka da ya fi ruwan wanki tsiya? Matsa min."

Ta zaro wuƙarta ta datse igiyar, ta juye buhun a kan siminti. Ta fizge maganaɗisun daga hannun Thierry, ta shafa shi a kan tulin tana kallon Rocco.

Sai ta ji hannunta ya yi nauyi.

Ta ɗago. Kaya na reto a jikin maganaɗisun. Ta karkaɗe, ta sake shafawa, wasu suka maƙale. Duk inda ta kai hannu sai wani ya biyo ta.

Mutanen layi suka zuba mata ido.

"Maganaɗisun nan naka ya lalace," in ji ta, amma muryar ba tata ba ce.

Rocco ya matso kusa da ita. Ya cire tabaransa, ya goge da gefen riga, ya miƙa mata. Ta daɗe tana kallon hannunsa kafin ta karɓa. Da ta ɗora a hanci ta ɗauki guda ɗaya, sai ga su nan a tsakanin haƙoran, ƙananan notuna baƙaƙe, kwance kamar ƙwarƙwata a mashaci.

Ta juya wajen Thierry.

"Ɗan Albert, dube ni. Tun yaushe?"

"Madam…"

"Tun yaushe na ce!"

"Tun bayan jana'iza."

"Kana biya na kuɗin tsantsa? To wa ke cire su?"

"Ni. In kin tafi sai in kai bayan rumfa in zauna a kansu. Ba wani aiki ba ne." Ya share ruwan da ke goshinsa. "Shekarar da babana ya kwanta ciwo, kowa ya koma wani filin da kayansa. Ke da Fernand kaɗai kuka ci gaba da zuwa nan. Ban manta ba."

Odette ta tuna yadda kowace Asabar take tsare shi da ciniki, tana ce masa ɓarawon sikeli, tana matsa masa sai ya ƙara santi biyar a kan kayan da shi zai zauna ya gyara. Ta durƙusa a jiƙaƙƙen siminti ta fara mayar da kaya buhu. Rocco ya durƙusa gefenta ya riƙe mata bakinsa.

"Na ci maka fuska," ta ce a hankali, ba ta ɗago ba.

"Riƙe tabaran zuwa Asabar," ya amsa. "Ina da wani a gida."

Thierry ya ɗora buhun a sikeli, bakin buhun a buɗe.

"Na yau a bar shi a farashin tsantsa. Daga mako mai zuwa sai mu…"

"A'a."

"To yuro ɗaya."

"Bara na zo yi a filin ubanka?"

Wani daga bayan layi ya ce, "Jama'a ku shaida, yau Odette na ciniki tana gangarowa!" Aka ɗan yi dariya, ita ba ta yi ba.

"Nawa ka ba Rocco?"

"Tamanin."

"Nasa uku suka maƙale. Nawa kowa ya ga abin da ya gani."

"Ko saba'in da biyar, Madam, don girman Fernand."

Ta miƙe tsaye, ta gyara tabaran a hancinta, ta dube shi ido cikin ido.

"Fernand bai taɓa karɓar kuɗin noti ba. Santi saba'in. A haka na sallama."

Darasi: Kafin ka zazzage buhun wani a bainar jama'a, ka fara duba naka, don wataƙila mutuncin da kake taƙama da shi wani ne ke tallafe maka da shi a ɓoye. In gaskiya ta fito kuma, ka karɓi farashinka na ainihi ba tare da gardama ba. Ku tura wa 'yan uwa su ma su karanta.