Gambar da Ta Toho a Tsakiyar Gona

An ce wai misalaina sun cika tsawo. Dattijo Filibus ne ya faɗa, a gaban mutane kuma, shi da ya yi barci ran Lahadin da ta wuce tun ban gama gaisuwa ba, har sai da Mama Damaris ta zungure shi da maficinta. Wanda Allah ya ba baki irin nawa dole ya koyi haƙuri da masu gyangyaɗi. Na yau na gajarta shi, na kuma ajiye wa Dattijo benci a gaba, inda idona zai kai. Abu ɗaya nake roƙo: kowa ya zaɓi wanda ya yi kama da shi a cikin labarin, ya riƙe a zuciya. Za mu dawo kansa.

Akwai wani mutum, manomi, wanda gonarsa take haɗe da ta maƙwabcinsa. Tsakaninsu akwai jerin gamba, doguwar ciyawar nan da ake dasawa a kan iyaka domin kowa ya san inda nasa ya tsaya. Shi da mahaifinsa suka dasa ta tun yana saurayi.

Maƙwabcin nan 'ya'yansa suna da yawa, gonarsa kuwa ƙarama ce. Wata shekara, kafin ruwan shuka ya sauka, sai ya tono gambar, ya matsar da ita cikin gonar manomin, ya dasa. Ba nisa ya yi da ita ba, ɗan taki ne kawai. Ba wanda ya yi magana. Da shekara ta kewayo ya ƙara matsarwa, ta sake kewayowa ya sake, har ya ci yanki mai kyau.

Amma gamba ba ta barin wuri gaba ɗaya. In ka tono ta, saiwa takan rage a ƙasa, da ruwa ya zauna sai ta toho. Saboda haka kowace damina maƙwabcin yakan riga kowa zuwa gona, ya bi wuraren da gambar ta taɓa zama, ya sare tohon da fartanya tun wani ido bai gani ba. Yadda satar take ƙaruwa, haka aikin ɓoyonta yake ƙaruwa.

Ana nan sai wata damina kurkunu ya kama shi a ƙafa biyu. Yaran yanzu ba ku san kurkunu ba, ku gode wa Allah. Tsutsa ce doguwa da take fitowa a ƙafa, ta kwantar da ƙato a daidai lokacin noma. Mutumin nan ya kwanta. Ciyawa ta rufe dawarsa har ta fara yin rawaya. Gamba kuwa ta samu sake, ta toho layi-layi a cikin gonar, kowace shekarar sata da nata layin. Yana kwance yana tunanin abu biyu: abin da yaransa za su ci in dawar ta mutu, da ranar da wani zai leƙa gonar ya gani. Ko gayya bai iya kira ba, gama kiran gayya kiran shaidu ne.

Shi manomin, tasa gonar ma ta isa noma, sai ya sa ranar gayya. Aka dama kunu, aka tuƙa tuwo, aka kira makaɗi, samarin gari suka fito da fartanyu a kafaɗa. Hanyarsu kuwa ta gefen gonar maƙwabcin ta bi. Da suka iso wurin, ganga ta yi shiru.

Makaɗin ya ce, “Maigida, ashe gambarka tafiya take yi? Ga sawunta nan, taki bayan taki, duk cikin gonarka ta nufa.”

Samari suka yi dariya. Shugaban gayyar bai yi ba. Ya ce, “Maigida, kada a taɓa komai. A aika wa mai unguwa ya zo ya gani da idonsa. Yau ƙasarka za ta dawo.”

Manomin ya matsa bakin gonar. Ba layin gambar yake kallo ba, dawar yake kallo, yadda ta sirance a cikin ciyawa. Ya daɗe a tsaye, tausayi ya cika masa zuciya. Sa'an nan ya ce, “A nan za a yi gayyar.”

Shugaban gayyar ya ce, “Taka gonar fa? Ciyawa ta kai gwiwa. In muka bar ta yau, ba mu da wata rana nan kusa, kowa ya riga ya kama tasa.”

“Na sani.”

“Tuwonka za mu ci, mu nome wa wanda ya cuce ka?”

“Tuwona ne, ni kuma na ce a nan. Ku fara daga can. Wannan gefen ku bar mini.”

Ya ɗauki fartanya ya shiga wurin da gambar ta toho, ya yi ta tonowa har saiwa, layi bayan layi, da hannunsa.

Maƙwabcin yana ɗaki ya ji ganga ta tashi daga wajen gonarsa, ba ta kuwa wuce ba. Ya ce a ransa, asiri ya tonu. Ya sa matarsa ta taimake shi ya hau jaki, domin gara ya ji hukuncinsa a gona da a zo a same shi kwance. Da ya iso, ya tarar da rabin gonarsa fes, dawa ta fito tana shan iska, ga manomin ya jiƙe da gumi, tarin saiwar gamba a gefensa.

Ya sunkuyar da kai ya ce, “Yaya, na ci maka iyaka. Ba sau ɗaya ba.”

Manomin ya ce, “Na sani tun shekarar farko. Da hannuna na dasa gambar nan. Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye maka ba, kowace shekara kuma ina jira ka zo ka faɗa.”

“To, me ya sa ka yi mini wannan?”

“Na zo wucewa na ga dawarka tana mutuwa, na tuna yaran gidanka. Na yafe maka. A sauko da shi, a kai shi inuwa, a ba shi kunu.”

Da kaka ta yi, rumbun maƙwabcin ya samu abin da zai kai gidansa wata damina. Na manomin bai cika ba, gama gonarsa ta sha ciyawa kafin a samu ranar nomanta. Da maƙwabcin ya warke, ya tono gambar da rana tsaka, mutane suna wucewa suna gani, ya mai da ita inda aka fara dasa ta. Bai tambayi kowa wurin ba. Ba wanda ya fi shi saninsa.

To, mu dawo kan zaɓinku. Na san wanda kuka ɗauka. Na ga yadda kuke gyaɗa kai, kowa manomin ne, kowa ya tuna da wani da ya ci masa iyaka. Tarko na kafa muku, kun kuwa faɗa gaba ɗaya, har da Dattijo Filibus, wanda yau idonsa biyu. A cikin labarin nan ba ko ɗayanmu da yake manomin.

Ma'anar wannan misali ita ce, manomin Ubangiji Allah ne, maƙwabcin kuwa mu ne, har da mai ba ku misalin, duk da daɗin bakinsa. Allah ya sa mana iyaka domin amfaninmu, mu kuma muna matsar da ita kaɗan-kaɗan, muna cewa ai ɗan taki ne. Tohon gamba shi ne zunubin da muke tsammani mun binne. Mutum sai ya ƙare ƙarfinsa wajen sare toho, yana ɓoye wa Wanda ya gani tun ranar farko.

Ku lura da abin da ya tsai da manomin a bakin gona. Ba roƙo ba ne, gama mai laifin yana ɗaki a lokacin, bai ce komai ba tukuna. Tausayi ne. Haka gafarar Allah take: daga jinƙansa take fitowa, ba daga iya tubanmu ba. Ya dube mu, ya ga laifin sarai, ya kuma ga muna hallaka a cikinsa, sai halin da muke ciki ya taɓa zuciyarsa.

Ku lura kuma, bai ce ba komai ba. Ya ce ya yi masa ciwo. Gafarar kuma ba a banza ta zo ba, rumbunsa ne ya biya. Yesu Almasihu bai aiko wani ya tone mana saiwar ba, shi da kansa ya shigo gonarmu, abin da ya ci masa kuwa shi ne ransa a kan gicciye. Wanda ya gane wannan ba ya jira a kira masa mai unguwa kafin ya mai da gamba wurinta, ba ya kuma saurin kiran mai unguwa a kan ɗan'uwansa.

Wataƙila a cikinmu yau akwai wanda ya gaji da sammakon sare toho, yana jin Maganar Allah kamar gangar da ta tsaya a bakin gonarsa, gabansa yana faɗuwa. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, kada ku ɓuya a ɗaki. Mai gonar ya riga ya shiga da fartanyarsa. Ko a kan jaki ne, a fito.