Gadar Kakan Dagaci

A wani gari na bakin kogi akwai tsohuwar gadar katako mai rumfa, wadda kakan Dagaci ya gina. Gara ta cinye ta, amma an hana kowa ya faɗa.

Ran nan Dagaci ya kira Jatau kafinta ya ce, "Ka mayar mini da ita sabuwa. In ka cire katakon kakana ko ɗaya, ko ka kasa, ka bar garin nan."

Jatau ya je ya share gadar tas, ya dawo ya faɗi ya yi gaisuwa. "Ranka ya daɗe, an gama. Saura al'ada, mai gari ke fara hayewa bisa doki."

Dagaci ya zo da jama'a. Doki ya ɗora ƙafa, katako ya yi ƙara, garin katakon da gara ta ci ya zubo cikin ruwa.

"Kai Jatau, wannan ce sabuwar?"

"Allah ya ja zamaninka, nuna mini ruɓaɓɓen a cikin aikin kakanka. Ni dai ban isa in gan shi ba."

Dagaci ya leƙa kogin, ya ja linzami baya. "Sauya su duka, ka bar rumfar."

"To, kakan naka fa?"

"Shi ai ya riga ya haye. Ni ne ban haye ba."