Sunan da za a rubuta a ƙofar ƙungiya

Akwai wani ɗan dako a tashar jiragen ruwa ta Duwala, zamanin Faransawa, sunansa Lipem Bassong. A unguwarmu ya girma, kuma har yau in an ambace shi sai gardama ta tashi.

Shi ya haɗa kan masu dako suka kafa ƙungiya. Kullum maganarsa ɗaya ce: wanda ya ɗauki kaya a kansa shi ya fi cancanta ya ci moriyarsu, Bature kuma ya koma gida. Yajin aikin farko ya yi nasara, aka daina dukan ma'aikata da bulala. Baturen tasha ya yi masa tayin shugabancin leburori, ya ƙi.

Daga nan Lipem ya daina jin shawara.

Yaji na biyu ya yi tsawo har rogo ya ƙare a gidaje. Wani dattijo, Baba Ekwalla, ya miƙe a taro ya ce a dakata, an ga motocin sojoji a bakin tasha. Lipem ya yi dariya ya ce, "Baba, in tsoro kake ji, je ka riƙe wa Bature hula. Maza za su wuce."

Suka wuce zuwa tashar. Sojoji suka buɗe wuta, mutane suka faɗi, cikinsu har da Dikonge, ɗan Baba Ekwalla, wanda bai daɗe da aure ba.

Aka ɗaure Lipem shekaru. Da ya fito an sami 'yancin kai, abokansa sun zama manya a gwamnati, suka kira shi ya karɓi kujera ya yi shiru da maganar ƙungiya. Ya ƙi, ya koma gyaran raga a bakin kogi. Ya sha zuwa ƙofar Baba Ekwalla neman gafara. Dattijon bai taɓa ba shi wurin zama ba, shi kuma bai daina zuwa ba har ya rasu.

Bayan rasuwar Lipem matasa suka so a sa wa zauren ƙungiya sunansa. Matan da suka rasa mazajensu a harbin suka ce ba su yarda ba. Ana cikin cacar baki aka shigo da Baba Ekwalla, ana riƙe da hannunsa.

Ya ce, "Girman kansa ya ci ɗana. Taurin kansa kuma shi ya sa jikokina ba su san bulala ba. Ku rubuta sunansa. Amma sunayen waɗanda suka faɗi su hau sama, nasa a ƙasa. Dama a ƙasa ya yi ta tsayuwa a ƙofata."

Haka aka rubuta.

Darasi: Gaskiyarka ba ta ba ka izinin raina mai ba ka shawara ba, domin kuskuren jagora wasu ne ke biyansa da rai. Ku tura wa duk wanda jama'a ke bin bayansa.