Ƙusar Birkin da Aka Shayar da Ruwa

A garejin da ake gyaran manyan motoci akwai wani bakanike da kowa ke kira Guduma. Ya iya aikin birki, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Aibinsa ɗaya ne: ba ya iya jira. Kullum kirarin da yake wa kansa shi ne mota ba ta kwana a rumfarsa. Duk abin da ya ƙi kuncewa da sifana, to guduma ce za ta yi masa magana, kuma daga nan sunan ya bi shi.

Yana da wa, direban tirela, mutum mai sanyin hali. Shi ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya kai shi koyon sana'a, har akwatin kayan aikinsa na farko shi ya saya masa. Saboda haka duk faɗin garejin nan ba ya yarda kowa ya taɓa masa birki sai ƙaninsa.

Wata rana da hantsi wan ya kawo motar, ya ce tayar gaba ta dama tana ja in ya taka birki. Guduma ya sa jak, ya cire taya, ya buɗe gangar birki. Sai ya tarar ƙusar da ke riƙe da takalmin birki ta cije. Ƙarfe ne gajere mai kauri, tsatsa ta haɗe shi da mazauninsa kamar tare aka ƙera su. Ya buga, ya sake bugawa, ko gezau ba ta yi ba.

Wani tsoho mai walda da ke maƙwabtaka da rumfarsa ya leƙo. Ya ba shi shawara ya jiƙa ta da kananzir da baƙin mai ya bar ta ta kwana, da safe za ta fito salin alin, sannan a nemo sabuwa a saka. Shi ma wan ya ce ba sauri yake ba, lodinsa sai jibi. Amma direbobi na zaune a kan benci suna kallo, har wani ya tsokane shi cewa yau dai Guduma ya gamu da gamonsa. Wannan 'yar zolaya ce ta rufe masa ido.

Ya jawo wutar walda ya gasa ƙusar har ta yi jawur, ya narka mata guduma, ta faɗo ƙasa. Aka yi masa tafi. Maimakon ya bar ta ta huce da kanta, sai ya ɗauke ta da filaya ya tsoma a bokitin ruwa don ya samu ya kama ta da hannu.

Tsohon ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, ƙarfen da ya sha wuta ba a ba shi ruwa. A ido lafiya lau yake, amma cikinsa ya zama kwalba. Jefar da ita."

Guduma ya yi dariya, ya ce Baba ya tsufa da tsoro. Ya goge ƙusar, ya shafa mata giris, ya mayar. Kafin la'asar mota ta bar rumfa. Da wan zai hau, ya dafa kafaɗarsa ya sa masa albarka.

Kwana huɗu bayan haka, a wata gangara mai lanƙwasa, wan ya taka birki da cikakken lodi. Ƙusar ta karye biyu. Takalmin birki ya kuɓuce ya cushe a cikin ganga, tayar ta ƙame, sitiyari ya ƙwace, mota ta kife a rami. An ciro shi da rai, amma ƙafarsa ta dama ba ta gyaru ba, sai da aka yanke ta.

Guduma da kansa ya je kwance motar a inda ta faɗi. Da ya buɗe gangar, guntayen ƙusar suka zubo a tafin hannunsa, da shatar gudumarsa a jikinsu. Ya zauna a bakin ramin ya yi kuka kamar ransa zai fita.

A asibiti ya durƙusa gaban gado, ya buɗe hannu ya nuna wa wansa. Wan ya daɗe yana kallon guntayen, sannan ya naɗe masa yatsunsa a kansu.

"Sa a aljihu," in ji shi. "Na gaya wa matata da yara cewa gudu nake yi. Ni tuƙi ya ƙare mini. In sunanka ya ɓaci, wa zai ciyar da gidajen nan biyu?"

Har yau mutane na cewa direban ne ya yi ganganci, shi kuwa bai taɓa musawa ba. Duk ranar da Guduma ya ji an faɗi haka, sai ya sunkuyar da kai ya shige ƙarƙashin mota. Yanzu motoci na kwana a rumfarsa, wata ma ta kwana uku, amma ƙafar ba ta dawo ba.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Komai gaggawar ungozoma ta bari a haihu. Duk wanda aikinsa ke ɗauke da ran mutane, kada ya bari tafin 'yan kallo ya hana shi jin maganar manya. Jiran kwana ɗaya bai kashe kowa ba, amma gaggawar sa'a ɗaya takan bar nadamar da ba ta ƙarewa, kuma sau da yawa wanda ya fi yarda da kai shi ke ɗanɗana kuɗarta.