Geron da Ya Tsira Ba Damina

A zamanin da, a wani birni mai ganuwa da babbar kasuwa, an yi wani sarki ana ce da shi Mainasara. Yana son talakawansa ƙwarai, sai dai fushinsa irin wutar kara ne, nan da nan ta kama, nan da nan ta mutu, amma kafin ta mutu ta cinye abin da za ta cinye. Wazirinsa kuwa, Nagoma, dattijo ne gajere mai tumbi da sanƙo. Allah ya ba shi dabara, ya kuma jarrabe shi da son a yabi dabarar.

Abin da Waziri ya fi taƙama da shi shi ne mudun Sarki. Da can kowane mai awon hatsi da irin mudunsa, na saye mai zurfi, na sayarwa kamar an danne shi da dutse. Waziri ya ba da shawara aka sassaƙa mudu iri ɗaya, aka buga wa kowanne hatimin Sarki da wuta, aka yi shela cewa wanda duk aka kama da wani mudun daban, ya kuka da kansa. Ranar da aka raba mudun, daɗi ya kwashe Waziri, ya miƙe a tsakiyar fada ya ce, "Allah ya ba ka nasara, in aka ƙara cutar talaka wajen awo a garin nan, a cire mini rawanin nan!" An ce baki shi ke yanka wuya. Sarki kuwa ya adana maganar.

Ana nan, wata safiya cikin bazara fada ta cika, sai ga Magajiya Yalwa, shugabar matan gari, da akushi a ka. Ba dogarin da ke tare ta, don ita ta goyi Sarki yana jariri. Ta durƙusa, ta buɗe akushin, sai ga 'yan malmaloli na tuwo a can ƙasa kamar an ɗiba wa mai jinya.

Ta ce, "Zaki, wannan tuwon mudu guda ne. Da, mudu guda yakan ci da gida har a kwana da na ɗumame. Yanzu gero ba ya auki, kana tuƙawa yana ƙanƙancewa. Ba ma wannan ya kawo ni ba. Hatsin nan da ya ɗan kwana a ɗaki sai ya yi wari, a dama wa yara kunu, su wuni suna gudawa. Jikata ma na baro ta kwance."

Idon Sarki ya kaɗa ya yi ja. Ya juya wajen Waziri ya ce, "Nagoma, ka ji?"

Waziri ya ce, "Allah ya ja zamaninka, mudun nan lafiyarsa ƙalau."

Sarki ya ce, "Ni tuwo aka kawo mini, ba mudu ba. Kafin kasuwa mai zuwa ta watse, ka kawo mini ɓarawon da mai shaida a kansa. In ba ka samu ba, ka kawo mini rawanin, da bakinka ka ba ni shi."

Waziri ya fito gumi na tsattsafo masa. Tsoro ya kama shi sosai, don rawanin nan tun kakansa yake gidansu. Ya bi rumfunan hatsi ɗaya bayan ɗaya, ya ƙwanƙwasa gindin kowane mudu ko an yi masa ciko, ya gwada shi da na fada, bai sami ko ɗaya da aibi ba. Da ya rasa tudun dafawa, sai ya tafi wajen Magajiya ya ce, "Iya, wai a wajen wa kuke sayen geron nan?"

Ta ce, "Mu da ke cikin gida, ina muka ga kasuwa? Maza ke sayowa, mu mu daka. Su kuwa duk sun tare a rumfar Cindo, wai yana da gyara."

Waziri ya yi dariya duk da halin da yake ciki. Cindo! Ai ba wanda bai san Cindo Mai-gyara ba. Kowane mai awo, in ya cika maka mudu, yakan ƙara maka ɗan abin da yatsu suka ɗauko, shi ne gyara. Cindo kuwa tafin hannu biyu yake cikawa ya zuba maka, ya bi ka da addu'a. Maroƙa sun yi masa waƙa, magidanta na komawa gida suna hura hanci sun yi sayayyar riba. Doka ɗaya gare shi, ba a taɓa masa hatsi. In ka miƙa hannu sai ya tare da fara'a ya ce, "Ido ke saye, maigida, hannu na mai kaya ne. Abincin bayin Allah ba ya son dauɗa." Mutane kuwa su ce, kai, Cindo akwai tsabta.

Don dai kada a ce bai yi komai ba, Waziri ya sa aka sayo masa gero daga kowace rumfa, ya zuba kowanne a tulu daban, ya rufe, ya yi musu alama da gawayi. Nufinsa a tuƙa a gwada. Amma da ya sake tunani sai ya ga ko ya kai tuwo gaban Sarki, cewa za a yi hannun mai tuƙi ne ya bambanta. Ya bar tulunan jere a zaure, ya ci gaba da yawon banza a kasuwa, kwanaki na ta ƙarewa.

Ana gobe kasuwa, da hantsi, Waziri na zaune a zaure ya yi tagumi. Can sai ya warware rawanin ya ajiye, wai don ya fara sabawa da iska. Yana cikin shafa sanƙo, sai wata akuyarsa mai naci ta shigo, ta wuce tulunan nan duk, ta nufi guda ɗaya tana shinshina. Ya kore ta, ta dawo. Ya jefe ta da takalmi, ta goce, ta sa ƙaho ta ture murfin. Wani ɗumi mai tsami ya bugi hancin Waziri. Ya leƙa, ya ga abin da ya sa shi miƙewa zumbur: geron ya fitar da fararen saiwoyi, ya cukurkuɗe, ga fumfuna ta bi gefen tulu. Ya buɗe sauran, kowanne a bushe ƙayau. Ya duba alamar gawayi, ashe na rumfar Cindo ne.

Waziri ya buga tsalle ya ce, "Gero ya tsira ba damina! Wa ya ba ka ruwa, ɗan nema?" Nan take abin ya faɗo masa. Jiƙa hatsin Cindo ke yi ya kumbura, ya sha iska a inuwa bayansa ya bushe, cikinsa kuwa ruwa. Aukin da zai yi a tukunya ya riga ya yi shi a mudu.

Ya fita a guje zuwa fada, ƙafa ɗaya da takalmi, kai ba rawani, yara na kallo baki buɗe. Sai da ya kai rabin hanya ya ja birki. Idan ya kai tulun nan, Cindo zai ce Waziri ne ya zuba ruwa da hannunsa don ya tsira da rawani, kuma rabin gari za su gaskata shi. Ga shi kuma mai shaida Sarki ya ce a kawo. Yana tsaye yana wannan tunani, rana na gasa masa sanƙo, har ya ɗaga kai zai yi mata tsaki. Maimakon tsakin sai ya fashe da dariya, ya koma gida ya naɗa rawaninsa a tsanake.

Ya faɗi gaban Sarki ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, na sami mai shaida. Ba ta taɓa fashin zuwa kasuwa ba, ba ta kuma taɓa sayen komai ba. Ba a toshe mata baki, ba a yi mata barazana, kuma ba mai iya kallon tsabar idonta, ko da kai ne."

Fadawa suka ɗauki salati. Sarki ya gyara zama, don yana son kacici-kacici kamar yadda yake son talakawansa. Ya ce, "Wace ce wannan marar kunya? A kawo ta!"

Waziri ya ce, "Ba ta shiga inuwar fada, sai dai mu mu je mata. Roƙona ɗaya, gobe da hantsi ka fita kasuwa da riga mai kyau, a ce za ka ba Cindo tukuicin gyararsa."

Sarki ya ce, "Ɓarawo na ce ka kawo mini, kai kuma riga kake so in fitar?"

"Rigar ba za ta yi nisa ba, ranka ya daɗe."

Kashegari kasuwa ta cika ta batse, sai aka ji Sarki ya iso rumfar hatsi. Jama'a suka yi caa, mai nama ya bar nama, mai goro ya bar goro. Cindo ya fito yana washe baki, ya zube yana godiya tun kafin a ba shi komai. Waziri ya ce, "Cindo, labarin hannunka ya kai fada. Sarki na son ya gani da idonsa. Auna mudu guda daga tulin nan da kake sayarwa, ka sa gyararka yadda ka saba."

Cindo ya cika mudu har ya yi tozo, ya juye a tabarma, ya ƙara tafin hannu biyu, maroƙa suka kece da kirari. Waziri ya kira wani mai awo na rumfar kusa, wanda ciniki ya guje wa tun da Cindo ya yi suna, ya ce shi ma ya auna nasa a wata tabarmar, ba gyara. Sa'an nan ya sa dogarai suka ja tabarmin biyu tsakiyar fili, suka baza hatsin, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, mai shaida ta fara magana. Sai dai ba ta da gaggawa, za ta kai la'asar."

Sarki ya dubi fili, ya ɗaga kai sama, hasken ya kashe masa ido, ya yi maza ya sunkuyar. Ya yi murmushi ya ce, "Lalle ban iya kallon idonta ba. A shimfiɗa mini a gindin durumin can."

Daga nan fara'ar Cindo ta soma yin tsami. Ya matso ya ce, "Ranka ya daɗe, kada kaji su ɓata hatsin, bari in sa a kwashe." Waziri ya ce dogarai sun fi kaji yawa. Cindo ya ɗan jima ya sake cewa, "Ai zafin nan na ɓata gero." Magajiya, wadda ta zo da ayarin mata, ta ce, "Tun da nake ban taɓa jin geron da ke tsoron rana ba, sai naka." Kasuwa ta ɗauki shewa. Ranar ba a yi wani cinikin kirki ba, kowa ya kafa wa tabarmi ido.

Da aka yi sallar la'asar, Waziri ya ce kowa ya mayar da nasa cikin mudu da hannunsa. Na maƙwabcin ya koma cif, da tozonsa. Cindo ya tattara nasa, ya kakkaɓe tabarma har da ƙura. Mudu guda da gyarar tafin hannu biyu, amma ko bakin mudun bai kai ba. Wani ihu ya tashi da sai da tsuntsayen durumi suka watse.

Magajiya ta taka har cikin rumfar Cindo, ta cusa hannu a tulin da aka hana kowa taɓawa, ta jefa ƙwaya a baki. Ba ƙara, ta lotse kamar dafaffen wake. Ta gatsa ta maƙwabcin, ta ce ƙas. Ta juya wajen magidanta ta ce, "Ga gyararku nan. An ɗebi naku da kwando, an mayar muku da cokali, kuna ta godiya." Maza suka sunkuyar da kai, kowa na duban ƙafarsa.

Sarki ya miƙe, Cindo na birgima yana tuba. Sarki ya ce, "Mai-gyara, yau mu za mu yi maka gyara. A shanya hatsinka duk, mai kyau a raba wa gidajen da yaransu suka kwanta, wanda ya yi fumfuna a ƙone. Kai kuwa, tun da ruwa ne hajarka, ka bar ɓoye shi cikin gero. Daga yau ka ɗauki tulu, kowace ranar kasuwa ka shayar da mutane kyauta." Ya sa aka yafa wa maƙwabcin rigar. Kafin kasuwa ta watse mai shela ya zaga da sabuwar doka: duk mai sayen abin da za a ci, yana da iko ya taɓa, ya shinshina, ya gatsa, kuma wanda ya ce ido kaɗai ke saye, a kawo shi fada ya yi bayani.

Sarki ya dubi Waziri ya ce, "Riƙe rawaninka, Nagoma." Waziri ya faɗi ya yi godiya, daɗi kamar ya kashe shi, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, mudu ba ya ƙarya, amma ba ya tambayar abin da aka zuba masa. Wannan aikin haƙorin mai saye ne."

Ba a daɗe ba sai ga Magajiya ta sake shigowa fada, wannan karon akushin sai da aka kama mata. Ta ce, "Zaki, ga tuwon mudu guda. Na rage kaɗan a gida, jikata ta tashi, ta ce a bar mata na ɗumame." Aka zauna aka sa hannu. Waziri ya ga tuwo ya yi auki, tsohon halinsa ya motsa, ya ɗaga murya ya ce, "Allah ya ba ka nasara, daga yau in aka ƙara..." Sarki ya ɗago ido ya dubi rawanin. Waziri ya dafe shi da hannun hagu, ya yanko babbar loma da na dama, ya haɗiye ta tare da sauran maganar.