Kwalbar da Injiniya Ya Tsoma a Ƙanƙara

A shagon littattafan yayana na fara ganin Injiniya. Ya shigo kamar an koro shi, ya sayi littafi, ya fita ya bar jakarsa a kan kantar shagon. Mutumin kirki ne, sai dai bai iya jira ba.

Da muka saba, yakan ba ni labarin aikinsu a ɗakin gwaji. Wayoyin lantarki suke yi, ƙanana har ido ba ya ganinsu, hannu kuma ba ya iya ƙera su. Sukan zuba zaren ƙwayar halitta a 'yar kwalba, su ɗumama, na'ura ta riƙa sanyaya shi a hankali. Yana hucewa yana naɗe kansa, kowane ɓangare ya nemo abokinsa. Daga baya ƙurar zinariya ta bi jikin zaren ta zama waya.

Na ce, "To kai mene ne naka a ciki?"

"Gadi, Malama. Aikin da na fi tsana."

Farfesansu ya ce in gwajin ya yi kyau za a tabbatar da Injiniya a aiki. Shi kuma ya gaya wa yayana, yana samu zai turo manyansa gidanmu.

Yana so su zo a cikin makon. Da ya ga na'urar tana jan jiki, sai ya zare kwalbar ya tsoma a ƙanƙara. Zaren ya cukurkuɗe, ko waya ɗaya ba ta fito ba, kuma ba shi da sauran zare. Farfesa ya ce ya sake daga farko, maganar aiki sai baɗi.

Ya zo shago idanunsa jajir. Yayana ya ce, "Sarkin sauri, wa ya mutu?"

"Ni na kashe da hannuna, Yaya." Ya juyo wajena. "Malama, ba ni da bakin cewa ki jira ni."

Na sunkuyar da kai.

Darasin a fili yake. Akwai abin da yake haɗa kansa da kansa, namu kawai mu gyara masa wuri mu cire hannu. Wanda ya matsa masa, ko da niyyarsa mai kyau ce, ɓata shi zai yi. Amma mai gaggawar da ya gane kuskurensa bai cancanci a yar da shi ba. Shi ya sa da ya kai bakin ƙofa na ɗaga murya, a gaban yayana, na ce, "Injiniya, je ka sake. Zan jira ka."